Ƙarin fitila a mota: abin da ake faɗi a tasha da abin da yake gaskiya

Duk wanda duhu ya taɓa riska tsakanin Anka da Daki Takwas, ko ya taso daga Gummi da asubar fari don ya isa Mayanchi da wuri, ya san abin da ke sa direbobi ƙara wa motocinsu fitilu. Babu fitilar titi, ga ramuka, ga shanu da masu babur marasa fitilar baya, ga kuma fargabar tsaro da ta sa kowa ke son hango abin da ke gabansa tun daga nesa. Ban ga laifin wanda ya nemi ƙarin haske ba. Abin da ke damuna shi ne maganganun da ke yawo a tashoshi game da fitilun nan, waɗanda rabinsu gaskiya ne, rabi kuwa na iya kashe mutum.

Wadda aka fi ji ita ce wai doka ta hana ƙarin fitila kwata-kwata, wasu kuma su ce ai motarka ce, ka liƙa abin da ka ga dama. Duka biyun sun kauce. Abin da ƙa'idar hanya ta tsaya a kai shi ne kada haskenka ya makantar da wani. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa, wadda Najeriya ta shiga a 2018, ta wajabta wa direba ya sauke ful idan zai kashe wa mai tahowa ido, haka ma idan yana bin bayan wata mota kurkusa. Littafin ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato Rod Sefti, wadda aka kafa a 1988, shi ma abin da yake koyarwa ke nan, kuma saɓa ƙa'idar fitila na cikin laifuffukan da jami'anta ke cin tara a kansu. Saboda haka ɗan Rod Sefti ko jami'in VIO da ya tsayar da tirela mai jeren fitilu shida suna ci a fuskar jama'a ba zalunci ya yi ba. Jar fitila a gaban mota da mai walƙiya irin ta motocin jiniya kuwa ba na ɗan kasuwa ba ne. Na 'yan sanda ne da motocin asibiti da na kashe gobara.

Sai masu cewa yawan haske shi ne yawan tsira. Ga kai mai fitilar, wataƙila. Amma motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan ka dallare direban da ke tahowa, idonsa ya ɗauki daƙiƙa uku kacal kafin ya washe, ya yi tafiyar fiye da mita 60 bai ga komai ba, kuma kai yake fuskanta. A siririn titi irin na wajen Nasarawar Burkullu, ina zai kauce? Mai babur ɗauke da mata da yara shi ya fi shan wahala, domin shi ne ke faɗawa gefen kwalta. Masu shekaru ma idonsu ya fi jinkirin dawowa bayan dallarewa.

Zancen hazo ya fi kowanne ruɗar mutane. Ana cewa a lokacin hunturu doguwar fitilar LED ta saman gilashi ce ke keta ƙura. Akasin haka ne. Hasken da ya fito daga sama, daidai da idon direba, yana bugun ƙurar ya dawo masa, sai ya ga fari fat kamar an shimfiɗa masa zani a gaba. Fitilar hazo ta gaskiya ƙasa ake ɗaura ta, wajen bamba, haskenta mai faɗi ne, yana bin kwalta. Batun launin rawaya kuma yana da ɗan ƙamshin gaskiya, don wasu direbobi sun fi jin daɗinsa a ido, Faransa ma ta daɗe tana tilasta shi kafin ta janye a 1993. Amma ba launin ke huda ƙura ba. Wurin da aka kafa fitilar da yadda aka saita ta su ne aikin.

Wai LED ba ta cin batir. Ta fi tsohon ƙwai sauƙin cin wuta, wannan gaskiya ne, amma lissafin ba ya ƙarya: fitilar da ke jan wat 120 a mota mai bolt 12 tana ɗaukar amfiya 10. Idan aka ɗora wannan nauyi a kan siririyar wayar fitilar asali, wayar ta yi zafi, robarta ta narke, makunni ya ƙone. Wasu daga cikin motocin da ake cewa sun kama wuta haka kawai, daga irin wannan haɗi ne. Aikin da ya dace bai da wuya. Mai wayarin ya ja waya mai kauri daga batir, ya sa fis kusa da batir ɗin, ya bi da ita ta rile, ya ɗaure ɗaya wayar da kyau a jikin ƙarfen mota. Sannan, kuma wannan ne mafi muhimmanci a wurina, ya ɗauko wutar da ke tayar da rilen daga wayar ful, ta yadda da zarar direba ya koma dim, ƙarin fitilun su mutu tare. Makunni na dabam a gefe ba ya wadatarwa, domin a lokacin gilmawa hannu ba ya kai wa gare shi da sauri. Wanda kuma fis ɗinsa ya ƙone ya cusa guntun waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa, ya cire abu guda da ke tsakaninsa da gobara. Masu manyan motoci su tuna nasu yawanci bolt 24 ne, kada a ɗaura musu kayan ƙaramar mota.

Akwai kuma masu cire ƙwan asali su cusa na LED cikin tsohon gidan fitila. Madubin ciki an ƙera shi ne don ƙwan da ya zo da shi. Sabon yakan watsa haske ko'ina, ka ga kamar ka samu ƙari alhali nesa ba ta ƙaru ba. Sau tari wanke gilashin da ya dushe da saita fitilar a jikin bango sun fi wannan amfani.

Game da tsaro, kada kowa ya yaudari kansa. Fitila mai ƙarfi na iya nuna maka shinge da wuri, amma haka take nuna wa na cikin daji zuwanka tun kana nesa. Ba ta maye gurbin tafiya da rana da bin shawarar mutanen gari.

Roƙona ga shugabannin direbobi a tashoshin Anka da Gummi da Bukkuyum: kafin mota ta yi lodi, a sa direba ya kunna ful ya koma dim a gabanku. Idan ƙarin fitilun ba su mutu ba, a tura shi wurin mai wayarin kafin ya ɗauki fasinja.