Aikin gandiroba: Karatun da matasan Hanwa ke yi kafin su saka kaki

Duk ranar da aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata na CDCFIB, hukumar da ke ɗauka wa Sibil Difens da Shige da Fice da 'Yan Kwana-kwana da Gidajen Gyaran Hali ma'aikata, shagunan intanet na Hanwa da Kwangila sukan cika maƙil. Matasa ne riƙe da takardun makaranta a cikin leda, kowa na jiran layi ya zo kansa. Mai nema zai zaɓi hukuma ɗaya ce cikin huɗun. Galibi Shige da Fice ake rububi, gidan yari kuwa sai wanda ya yi lissafi.

A Zariya aikin ba baƙo ba ne. Sunan gidan yari ma daga sarautar Yari ya samo asali, wato mai kula da kurkukun Sarki. En'e ce ke riƙe da irin waɗannan gidaje a Arewa har zuwa 1968, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta karɓe su. A zamanin En'e ƙarfin jiki da biyayya kawai ake nema wurin gandiroba. Yau takarda ce ke yanke wa mutum matakin da zai fara.

Matakan uku ne. Mai shaidar sakandare ko ta koyon sana'a yana shiga rukunin mataimaka, can ƙasa. Mai difloma ta ƙasa ko NCE yana shiga rukunin sufetoci. Mai digiri ko babbar difloma, wanda ya yi hidimar ƙasa, yana farawa a matsayin mataimakin sufuritanda, mataki na 8. Bambancin bai tsaya ga albashi ba, domin wanda ya shiga da shaidar sakandare zai iya shafe shekaru bai kai inda abokinsa mai difloma ya fara ba.

Nan ne ɗan Hanwa ya yi sa'ar mazauni. A Amurka, masu son wannan aiki da yawa kan yi karatun shekara biyu a ƙananan kwalejojin unguwa, su fito da shaida a fannin shari'ar laifuka. Abin da ya fi kama da hakan a nan shi ne difloma ta shekara biyu, kuma Zariya ba ta rasa inda ake yin ta ba. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, akwai Kongo, inda aka daɗe ana koyar da shari'a da harkar mulki, ga kuma sashen nazarin zamantakewa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ga mai son digiri. Daga gida ɗalibi zai riƙa zuwa a Keke ko bas, ba kuɗin haya, ba na abinci. Ga iyalin da ke fama da tsadar masara, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Wanda sana'a ta riƙe shi da rana kuma yana iya bin Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda ke ba da digiri a nazarin laifuka da tsaro. Ita ce ma ke koyar da fursunoni kyauta a wasu gidajen, don haka yana yiwuwa gandiroba da wanda yake tsaro su zauna jarrabawa iri ɗaya.

Ba dole sai fannin laifuka ba. Hukumar na ɗaukar ma'aikatan jinya da malamai da masu aikin hannu irin su kafinta da tela, saboda akwai asibiti da aji da wurin koyon sana'a a ciki.

Dalilin da ya sa karatun ya ƙara daraja yana cikin dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a shekarar 2019. Ita ta sauya sunan hukumar zuwa ta Gyaran Hali, ta kuma raba aikin gida biyu: tsare mutum a ciki, da kula da wanda kotu ta yanke wa hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki ko sakin talala. Wannan kashi na biyu ba aikin kulki ba ne. Yana buƙatar wanda ya iya rubuta rahoto, ya iya zama da iyaye da mai unguwa, ya san abin da alƙali ke nufi da umarninsa.

Sai dai takarda ba ta isa ba. Akwai jarrabawa ta kwamfuta, da gwajin lafiya, da awon tsawo: mita 1.65 ga namiji, 1.60 ga mace. Wanda ya tsallake sai horo, kuma Kaduna na cikin garuruwan da hukumar ke da makarantunta. A tsakanin waɗannan matakai ne 'yan damfara ke cin kasuwa, su karɓi kuɗin iyaye da sunan gurbi, alhali hukumar ta sha nanata cewa cike fom ɗin kyauta ne.

Abin da ba a cika faɗa wa mai nema a shagon intanet ba shi ne yanayin wurin aikin. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kuma cunkoson da hakan ke haifarwa a kan gandiroba yake ƙarewa. Ga kuma haɗari. A watan Afrilun 2021 an fasa gidan yarin Owerri, fursunoni sama da 1,800 suka tsere. A ranar 5 ga Yulin 2022 mayaƙan ISWAP suka far wa na Kuje, ɗaruruwa suka gudu. A 2024 kuwa ruwa ne ya rushe katangu a Suleja da Maiduguri.

Aikin na tarayya ne, saboda haka ɗan Hanwa da ke zaton za a bar shi a gidan yarin Ƙofar Doka, ya riƙa kwana a gida, yana iya buɗe takardarsa ya ga an tura shi Enugu ko Kirikiri.