Anlo, mutanen da ke zaune tsakanin teku da tafki

A kudu maso gabashin Gana, daga inda kogin Volta ke zuba a teku har zuwa kusa da iyakar Togo, akwai wani siririn zirin yashi. Kudu da shi teku ce, arewa da shi kuma tafkin Keta, wanda ya fi kowane tafkin ruwan gishiri girma a ƙasar. A wasu wuraren mutum kan tsaya a bakin titi ya hango ruwa dama da hagu. Nan ne mazaunin Anlo, wani reshe na ƙabilar Ewe, masu garuruwa irin su Anloga da Keta da Woe da Tegbi. Ƙarancin ƙasa ne ya horar da su, kuma ana ganin haka a kusan duk sana'arsu.

Da sassafe ake fara jan taru. Kwalekwale ya shiga teku ya zagaya da ƙatuwar koma, ya dawo da bakin igiya gaɓa, sai mazaje su kasu layi biyu su yi ta ja da baya-baya, ƙafa na nutsewa cikin rairayi. Aikin kan ɗauki sa'o'i. Wani na bayar da waƙa, wani na kaɗa ƙarfe, saura na amsawa, domin in ja bai zo ɗaya ba taru ba ya motsi. Idan kifi ya fito, mai taru da mai jirgi su ɗauki kasonsu, majaya su raba nasu, ko ɗan yaron da ya riƙe wutsiyar igiya ba ya komawa gida hannu rabbana. Daga nan sha'ani ya koma hannun mata: su ne masu saye, su ne masu banda da shanya, su ne kuma masu kai wa kasuwa. Sau da yawa ma jarin da masunci ke fita da shi na wata 'yar kasuwa ne.

Noman albasarsu ya fi ba da mamaki. Wa zai ce farin yashin bakin teku zai yi lambu? A Anloga da kewaye ana ja masa fangali dogaye, a cika shi da kashin shanu da na kaji, a haƙa 'yan rijiyoyi marasa zurfi a tsakani, a riƙa ɗiba da bokiti ana ban ruwa, ko da yake yanzu injin famfo ya yawaita. Ƙananan jajayen albasa da ake samu, sau da dama a shekara, su ne ake ɗaurewa dami-dami zuwa kasuwannin Akara. Manomin rani na bakin fadama zai gane wahalar nan da kallo ɗaya. Idan rani ya tsananta kuma gefen tafki ya ƙafe, a fita kwasar gishiri.

Su kansu Anlo ba sa cewa nan ne asalinsu. Tarihinsu na baka ya ce daga Notsie suka taso, a Togo ta yanzu, inda suka zauna cikin ganuwa ƙarƙashin wani azzalumin sarki, Agokoli. Mata suka dinga zuba ruwan wanki a gindin ganuwar wuri guda har ta jiƙe, aka fasa ta da dare, jama'a suka fita suna tafiya da baya don masu bin sawu su zaci shigowa aka yi. Wannan ƙaura ake tunawa a bikin Hogbetsotso, ranar Asabar ta farko a watan Nuwamba, a Anloga. Kafin ranar ana share garuruwa, ana kuma zaman sulhu, saboda sun yarda cewa gaba tsakanin dangi na jawo ciwo da tsiya. Ranar kuwa babban sarkinsu, Awoamefia, ya zauna cikin kente, a cashe da rawar agbadza, wadda ake yi a duƙe ana kaɗa kafaɗu da gwiwar hannu.

Sai dai tekun da ke ciyar da su tana cinye ƙasarsu. Ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a Keta a 1784, inda aka tsare bayi, ruwa ya rushe babban sashenta, tsofaffin titunan garin da shagunansa kuma suna ƙarƙashin igiyar ruwa. Dam ɗin Akosombo da aka kammala a 1965 ya ƙara dagula lamarin, don ya tare yashin da Volta ke kawowa gaɓa. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta jibge manyan duwatsu don kare Keta, amma zaizayar ta matsa gabas. A Nuwamban 2021 ambaliyar teku ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan gaɓar, har da ƙauyukan Agavedzi da Salakope, kuma mazauna can sun yi ta neman a ƙarasa musu shingen duwatsun.