Yaushe Ɗan Wasan NFL Ke Cin Gashin Kansa?

A gasar NFL ta Amurka, inda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, ƙarewar kwantiragi ba ta isa ɗan wasa ya tattara nasa ya nasa ya tafi inda ya ga dama ba. Sai an duba kakar wasa nawa ya yi. Ana ƙirga masa kaka ne idan ya kasance cikin 'yan wasan ƙungiya da cikakken albashi a wasanni 6 ko fiye.

Wanda ya cika kaka 4 shi ne mai cikakken 'yanci. Da kasuwa ta buɗe a watan Maris, yana iya sa hannu da kowace cikin ƙungiyoyi 32. Mai kaka 3 kuwa da igiya a ƙafarsa: idan ƙungiyarsa ta riga ta miƙa masa tayi, wata ta zo ta taya shi, ƙungiyar tasa tana da kwana 5 ta biya daidai abin da aka taya, ta riƙe abinta. Wanda bai kai 3 ba, muddin an yi masa tayi, ba shi da ta cewa. Wannan da tsauri, domin wasa ne na karo da karaya, kuma da yawa rauni ke kai su gida tun kafin kaka ta huɗu.

Ko gwanin da ya cika sharaɗi ma ana iya tare masa hanya. Kowace shekara ƙungiya na da ikon riƙe mutum ɗaya na shekara guda, ta biya shi albashi irin na manyan masu buga gurbinsa. Haka Washington ta yi wa Kirk Cousins a 2016 da 2017. Da ya kuɓuta a 2018, Minnesota ta ba shi dala miliyan 84 na shekara uku, kuɗin da ba za a rage masa ko sisi ba ko da ya ji rauni.

Wannan 'yanci da shari'a 'yan wasa suka ƙwato shi a 1993, shekarar da Reggie White ya bar Philadelphia ya koma Green Bay. Masu ƙungiyoyi kuma suka samu nasu rabon: daga 1994 aka ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi. Da dala miliyan 34.6 aka fara, a 2024 ya kai miliyan 255.4. Shi ya sa ƙungiya kan saki gwaninta tana ji tana gani, ko da kuɗi na jibge a asusunta.