Fatsar da igiya ce ke jan ƙugiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai fatsa a bakin kogi ya san yadda ake yi: a soke tana a ƙugiya, a ɗaura 'yar dalma, a wurga. Nauyin dalmar ne ke jan zaren har tsakiyar ruwa. To, akwai wata irin fatsa da ta yi suna a Ingila da Amurka wadda lissafinta ya sha bamban. Ita ba tana ake sokewa ba. Ƙwaron ƙarya ake ɗaurawa, wanda aka naɗa da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya don ya yi kama da ƙwarin da kifin tirawut ke cafkewa a saman ruwa. Wannan ƙwaro ba shi da nauyi, ko an jefa shi da iyakar ƙarfi, a gaban mutum zai faɗi. Saboda haka aka mayar da nauyin jikin igiyar kanta. Ita ake kaɗawa gaba da baya a sararin sama, ta miƙe, ta kai ƙwaron inda ake so.

Shi ya sa tsofaffin hannu a harkar ke faɗa wa sabon shiga ya rage kuɗin sanda ya ƙara na igiya. Sanda mai araha da igiya tagari za ta yi aiki. Sanda mai tsada da igiyar da ba ta dace da ita ba kuwa, wahala ce tsagwaronta.

Sana'ar daɗaɗɗiya ce. Wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubucin Rum mai suna Iliyan ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya suna kama kifi. A Ingila an daɗe ana tufka igiyar da gashin wutsiyar doki, daga baya aka koma siliki, wanda sai an shanya shi bayan kowace fita an kuma shafe shi da mai, in ba haka ba ya jiƙe ya nutse ko ya ruɓe. Sauƙin ya zo a 1953, lokacin da kamfanin Cortland na jihar New York ya fito da igiya mai rufin roba. Daga baya kamfanin Scientific Anglers na Michigan ya cusa ƙananan ƙwallayen gilashi masu iska a cikin robar, igiya ta riƙa yawo a saman ruwa ba tare da an shafa mata komai ba.

Wanda ya shiga kantin kayan fatsa yau zai ga an rubuta wani abu kamar WF5F a jikin kwali. Wannan ɗan rubutu ya ƙunshi kusan duk abin da mai saye ke bukatar sani.

Lambar da ke tsakiya ita ce nauyi. A 1961 ƙungiyar masu ƙera kayan fatsa ta Amurka ta tsayar da ma'auni guda: a auna ƙafa 30 na farkon igiyar, wato kimanin mita 9. Idan ta kai giram 9, lamba 5 ce. Lamba 6 ta ɗan haura giram 10, lamba 8 tana wajen giram 13 da rabi, lamba 12 kuma ta kusa giram 25. Kowace sanda an rubuta mata lambarta a saman mariƙi, kuma ƙa'idar ita ce a haɗa lamba da lamba. Idan igiya ta yi wa sanda rashin nauyi, sandar ba za ta tanƙwaru ba balle ta harba. Idan ta yi mata yawa, sai ta lanƙwashe jifan ya zube. Ga mai son kaya guda da zai shiga rafi da tafki da shi, lamba 5 ko 6 a kan sanda mai ƙafa 9 ita ce tsaka-tsaki: tana iya sauke ɗan mitsitsin ƙwaro a hankali, tana kuma iya jure 'yar iska. Sai dai akwai wata 'yar dabara ta 'yan kasuwa. Sandunan zamani sun yi tauri, don haka kamfanoni da dama suna ƙara wa igiya rabin lamba, wani lokaci ma lamba guda, su bar tsohuwar lambar a kan kwali. Mai hankali yakan juya bayan kwalin ya duba ainihin nauyin.

Haruffan farko suna bayanin siffa. Igiyar takan kai ƙafa 90, kuma kaurinta ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. WF na nufin an tara kaurin a gaba, sauran kuma siriri ne mai sulɓi da ke bin zoben sanda a guje idan an saki. Ita ta fi sauƙin kaiwa nesa. DT kuwa kaurinta a tsakiya yake, bakunan biyu sirara. Tana da daɗin sarrafawa a ƙaramin rafi, kuma idan baki ɗaya ya tsufa sai a juya ɗayan, abin da masu tsimi ke so ke nan. A cikin ƙafa 30 na farko bambancinsu kaɗan ne, duk da yawan gardamar da ake yi a kai.

Harafin ƙarshe ya shafi zama a ruwa. F mai yawo ce a sama, S mai nutsewa, I kuma mai nutsewa a hankali, inci ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa. Masu saurin nutsewa sukan yi inci 6 ko fiye. Mai yawo a sama ita ce ta farkon saye, domin ana ganin ta, ana iya ɗaga ta daga ruwa a sake jifa nan take, kuma idan kifi ya yi ƙasa ana iya ƙara mata guntun baki mai nutsewa ko a ɗaura ƙwaro mai ɗan nauyi. Mai nutsewa ba ta da wannan rangwame. Sai an janyo ta kusan duka kafin a sake jifa.

Launi fa? Masunta sun sha musu a kai. Tsakanin igiya da ƙwaro akwai siririn zare marar launi mai kimanin ƙafa 9, shi ne ke kusantar kifi, don haka yawancinsu sukan zaɓi launin da idonsu zai iya bi.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne zafi. Igiyar da aka yi don ruwan sanyi na Sikotilan, idan ta sha ranar Afirka sai ta yi laushi, ta yi danƙo, ta riƙa harɗewa a ƙafar mai ita. Ta ƙasashen zafi ana yi mata ciki mai tauri da rufi mai ƙarfi, ita kuma idan ta shiga ruwan sanyi sai ta ƙanƙance ta murɗe kamar wayar da aka kwance daga naɗi. Baƙin da ke zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru don farautar giwan ruwa da tsage da irin wannan fatsa, igiyar zafi suke riƙowa, kuma don giwan ruwa lamba 12 suke ɗaurawa, domin ƙwaron da ake jefa masa ya kai tsawon tafin hannu. A nan lamba 5 ba ta da ta cewa.

Igiya mai kyau takan kai dala 100 a Amurka, amma tana yin shekaru idan an kula da ita: a wanke da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a kiyaye ta daga maganin sauro na shafawa, wanda ke cinye roba, kada kuma a bar ta a cikin mota da rana. Ga wanda zai sayi guda ɗaya tak, mai nauyi a gaba, mai yawo a sama, lamba 5 ko 6, wadda aka yi don yanayin garinsu, ta wadatar.