Yadda Ƙaramin Kamfanin Android Ya Shiga Google Ya Gina Manhajar Wayoyin Duniya

Android ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da mafi yawan wayoyin zamani a duniya, kuma asalinta aikin wasu 'yan tsirarun injiniyoyi ne da ba su kai goma ba lokacin da kamfanin Google ya saye su. Tarihinta misali ne na wata al'ada da ta zama ruwan dare a masana'antar fasaha, inda ƙaramin kamfani yake miƙa kansa ga babba, ma'aikatansa su koma can da dabararsu, su ci gaba da gina abin da suka faro.

An kafa kamfanin Android a watan Oktoban 2003 a garin Palo Alto da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Mutum huɗu suka kafa shi: Andy Rubin da Rich Miner da Nick Sears da Chris White. Dukansu sun goge a harkar fasaha. Rubin yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Danger, mai ƙera wayar Sidekick, shi kuwa Sears ya riƙe babban muƙami a kamfanin sadarwa na T-Mobile. Da farko niyyarsu ita ce su yi manhajar da za ta tafiyar da kyamarorin ɗaukar hoto. Da suka ga kasuwar kyamara ba ta da faɗin da suke bukata, sai suka karkata zuwa wayar hannu.

A wancan lokaci kasuwar tana hannun manya. Wayoyin Nokia suna aiki da Symbian, Microsoft yana da Windows Mobile wadda masu ƙera waya ke biyan kuɗin lasisi kafin su ɗora ta, BlackBerry kuma ta mamaye ofisoshi. Dabarar Rubin da abokansa ita ce su samar da manhaja a kan tubalin Linux, su bayar da ita kyauta ga duk mai ƙera waya, ya gyara ta yadda ya ga dama.

Wannan dabara ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin kamfani. Gina babbar manhaja yana cin shekaru kafin ya kawo ko sisi, kuma wanda ya yi niyyar bayar da haja kyauta dole ne ya sami wata hanyar shigar kuɗi. Ga kuma matsalar samun shiga: kamfanonin sadarwa da masu ƙera waya ba kasafai suke ɗora kasuwancinsu a kan kamfanin da ba su da tabbacin zai kai baɗi ba. Kuɗi ya taɓa yanke wa Android har sai da wani abokin Rubin, Steve Perlman, ya kawo masa dala 10,000 don a ci gaba da aiki.

Shi ma Google yana da tasa damuwar. Kuɗin shigarsa daga tallace-tallace ne da ke bayyana a shafin bincike, kuma shugabanninsa sun hango cewa jama'a za su koma shiga intanet ta waya. Idan wani kamfani ne ke riƙe da manhajar wayar, yana iya karkatar da masu bincike zuwa tasa hajar. Saboda haka a shekarar 2005 Google ya sayi Android a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai aƙalla dala miliyan 50, tare da goyon bayan Larry Page, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google. A lokacin babu wayar Android ko ɗaya a kasuwa. Mutanen da tsarin da ke kawunansu aka saya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya bambanta wannan ciniki da wasu da dama. Ba a rarraba injiniyoyin cikin sassan Google ba. An bar su a dunƙule a ƙarƙashin Rubin, suna aiki cikin sirri, suna yanke shawarar fasaha da kansu, Google kuma yana biyan albashi yana ƙara ma'aikata ba tare da neman riba nan take ba. Wannan 'yanci ya yi amfani a watan Janairun 2007, lokacin da kamfanin Apple ya nuna iPhone. Samfurin da 'yan Android suka fi mayar da hankali a kai yana kama da BlackBerry, mai madannai a ƙasan allo. Ganin inda kasuwa ta dosa, suka mayar da ƙarfinsu kan waya mai allon taɓawa. Kamfanin da ke jiran kuɗin masu zuba jari wata bayan wata zai yi wuya ya jure irin wannan sauyi.

Sunan Google kuma ya buɗe ƙofofin da a da suke rufe. Ranar 5 ga Nuwamban 2007 aka sanar da ƙawancen Open Handset Alliance mai kamfanoni 34, ciki har da HTC da Samsung da Motorola da LG da Qualcomm da T-Mobile. A watan Oktoban 2008 wayar Android ta farko, HTC Dream, wadda aka fi sani da T-Mobile G1, ta shiga kasuwar Amurka. Motorola Droid ta biyo baya a 2009, sai Samsung Galaxy S a 2010. A 2021 Google ya sanar cewa na'urorin da ke aiki da Android sun haura biliyan 3. Kasancewar manhajar kyauta ya taimaka wa masu ƙera wayoyi masu rahusa, irin su Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, waɗanda suka cika kasuwannin Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka.

Sai dai wanda ya zuba kuɗi yana da nasa buri. Tushen Android a buɗe yake ga kowa, amma shagon manhajoji na Play da sauran hajojin Google suna da sharuɗɗan lasisi. A 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34, bisa samunsa da tilasta wa masu ƙera waya ɗora manhajarsa ta bincike da manhajarsa ta shiga intanet, Chrome, kafin a ba su Play. Jagorancin ma ya sauya hannu: a 2013 Rubin ya sauka daga kan Android, Sundar Pichai ya karɓa.

Irin wannan ciniki ya maimaitu sau da yawa. Instagram yana da ma'aikata 13 lokacin da Facebook ya saye shi a kan kusan dala biliyan 1 a 2012, kuma waɗanda suka kafa shi sun bar kamfanin a 2018. Brian Acton da Jan Koum na WhatsApp, wanda shi ma Facebook ya saya, su ma sun fice, a 2017 da 2018, bayan saɓani da Facebook kan talla da sirrin masu amfani. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200, aka kuma bar shi yana aiki da sunansa. A kowanne, ƙaramin rukuni yana samun jari da kayan aiki da kasuwa mai faɗi, amma ikon yanke shawarar ƙarshe yana komawa hannun mai saye. Ɗorewar haɗin ta dogara ne a kan yawan 'yancin da aka bar wa rukunin, da kuma tsawon lokacin da burin ɓangarorin biyu ya ci gaba da tafiya tare.