Kangayen Gidajen Silima a Ƙasar Zamfara: Ɗaukar Hotonsu da Adana Tarihinsu

Gabatarwa

Idan ana maganar kayan tarihi a ƙasar Hausa, abin da ya fi saurin zuwa a zukatan manazarta shi ne ganuwa da ƙofofin gari da fadar sarki da tsofaffin masallatai. A ƙasar Zamfara kuwa sai a ambaci kufan Birnin Zamfara da 'Yandoto da duwatsun Kwatarkwashi. Ba kasafai ake tuna cewa ƙarni na 20 shi ma ya bar nasa kangayen ba, wato tashoshin jirgin ƙasa da kantunan Turawa da gidajen gurzar auduga da gidajen silima. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan gidajen silima. Manufarta ita ce ta nuna cewa ɗaukar hoton abin da ya saura na waɗannan gidaje aiki ne na ilimi, kuma hoton ba zai yi wa tarihi amfani ba sai an ɗauke shi a matsayin shaida, an kuma haɗa shi da bayanin mutanen da suka rayu da wurin.

Majigi da Silima

Ya kamata tun farko a bambance abubuwa biyu da Bahaushe ya bambance su da harshensa. Majigi shi ne fim na hukuma wanda ake yawo da shi a mota gari gari. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashe na musamman domin irin wannan fim a 1939 ƙarƙashin William Sellers, wanda tun kafin nan yana amfani da fim wajen koyar da tsabta a Nijeriya. Daga baya Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin. A kyauta ake nuna majigi, a fili, da izinin sarki ko hakimi, mai bayani yana fassarawa da Hausa ta lasifika, maza da mata da yara kowa yana kallo. Fim ɗin Baban Larai, wanda ya shafi inganta noma, yana cikin waɗanda dattawa ba su manta ba.

Silima kuwa harkar kasuwanci ce, tana da gini na dindindin, kuma sai an biya ake shiga. A Kano 'yan kasuwa Kwarori ne suka fara ta, an buɗe gidan Rex a 1937 a wajen birni. Da aka zo gina Palace a Jakara, cikin birni, a farkon shekarun 1950, malamai da yawa sun nuna ƙin abin. Gobarar gidan El Duniya ta ran 13 ga Mayu, 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara wa jama'a tsoro da ƙyama, har wasu suka ɗauke ta a matsayin horo daga Allah. Tun daga lokacin gidan silima ya zauna a idon Bahaushe a matsayin wurin samari da baƙi da 'yan iska, kuma macen da ta shiga ta zubar da mutuncinta. Wannan kallo shi ne babban dalilin da ya sa da gidajen suka mutu ba a sami mai yi musu makoki a fili ba.

Gusau tana da duk abin da silima take bukata. Jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Cinikin gyaɗa da auduga ya jawo kamfanoni da ma'aikata da leburori da mutanen Kudu, Sabon Gari da Tudun Wada suka bunƙasa, daga baya masaƙa ta ƙaru a shekarun 1960. Mutumin da yake karɓar albashi, kuma yake nesa da idon iyayensa, shi ne ainihin abokin cinikin mai silima. Ƙananan garuruwan da ke kewaye, kamar Tsafe da Bungudu, sun fi sanin majigi, amma samarinsu in sun shigo Gusau ba a rasa masu tsayawa kallo.

Abin da aka kalla a waɗannan gidaje ya shiga harshe da adabi. Bayan finafinan kaboyi na Amurka sai na Indiya suka mamaye fagen tun daga shekarun 1950, sannan na Sin masu faɗa suka biyo baya a shekarun 1970. 'Yan kallo sun raɗa wa taurarin Indiya sunaye na Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Karin waƙoƙin Indiya ya ratsa cikin waƙoƙin bege na masu mandiri, zubin labaransu kuma ya bayyana a littattafan soyayya na shekarun 1980 da finafinan Hausa na bidiyo da suka fara da Turmin Danya a 1990. An yi rubuce-rubuce da dama a kan wannan tasiri. Abin mamaki shi ne ɗalibin da ya rubuta kundi a kan tasirin finafinan Indiya sau da yawa bai taɓa ganin ko hoton wurin da tasirin ya shigo ta cikinsa ba.

Mutuwar gidajen ba rana ɗaya ta zo ba. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya masu mallaka. Taɓarɓarewar darajar naira daga 1986 ta sa sayo finafinai da kayan gyaran inji ya yi wuya, sannan bidiyo ya kai kallo cikin ɗaki, inda matan aure ma za su gani. Da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba, 1999, ta kuma fara aiki ran 27 ga Janairu, 2000, an rufe gidajen silima a Jihar Zamfara. Ke nan dokar ta tarar da sana'ar tana jinya ne, ta ƙarasa ta.

Abin da Ake Ɗauka

A ƙasashen Turai da Amurka ɗaukar hoton tsofaffin gidajen kallo ya zama fanni mai zaman kansa. Wasu Faransawa biyu, Yves Marchand da Romain Meffre, sun fara bin irin waɗannan gidaje a Amurka a 2005, suka fitar da littafinsu a 2021. Matt Lambros ma ya yi shekaru yana wannan aiki, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki gidan Kings na Brooklyn a birnin Niyok, wanda aka buɗe a 1929, aka rufe a 1977, aka sake buɗewa a 2015 bayan gyaran da ya ci dala miliyan 95. A Afirka, Stephan Zaubitzer ya fara da gidajen siliman Wagadugu a 2003, Walter Fernandes kuma ya ɗauki na Angola a wani littafi da ya fito a 2015.

Sai dai kuma wanda ya saba da hotunan Amurka zai ruɗe in ya zo Arewa yana neman irinsu. Can abin da yake jan ido shi ne rufi mai zane da ruwan zinariya da jajayen kujeru da suka ruɓe. Gidan silima na ƙasar Hausa galibi ba shi da rufi sai a baya. Katanga ce doguwa ta zagaye fili, da wani bango mai tsawo da aka shafe da farar ƙasa ko fenti, shi ne allon, da ɗakin inji a can baya. Shi ya sa ba a fara nuni sai duhu ya yi, kuma da damina ruwa yakan tashi kallo. Mai neman kyawun kango ba zai sami abin da yake so a nan ba. Mai neman shaida kuwa zai samu, in ya san abin da zai duba.

Alal misali, a dubi bangon ɗakin inji. Fim mai faɗin milimita 35 a faifai-faifai yake zuwa, kowane faifai kamar na minti 20. Don kada kallo ya yanke, akan ajiye inji biyu, ɗaya na ƙarewa a kunna ɗayan. Kowane inji yana da kafar da haske yake fita, da wata ƙarama wadda mai inji yake leƙen allo. Saboda haka yawan kafofin da ke bangon yana faɗin yawan injinan da gidan ya yi amfani da su, ko da an daɗe da sayar da su ga 'yan gwangwan. Kafar da aka toshe da bulo ita ma magana take yi. Haka nan daɓen ƙasa: inda aka jera bencin siminti kusa da allo nan ne wurin masu ƙaramin kuɗi, inda kuma aka ɗaga daɓe aka yi rumfar kwano a baya nan ne na ma'aikata da masu hali. Wannan tsari ne na matsayi wanda aka zuba da siminti, kuma ya saɓa wa tsarin zaman majigi, inda sarki da fadawansa suke da wurinsu na musamman, talakawa suna kewaye. Yawan ƙofofi da faɗinsu ma abin lura ne, tun da yake bayan gobarar El Duniya hukuma ta ƙara sa ido a kan mafita. Sannan ga 'yar tagar sayar da tikiti, da allon liƙa hotunan talla, da inuwar haruffan sunan gidan da takan rage a goshin gini bayan an ciccire su.

Waje ma yana cikin gidan. Bakin silima kasuwar dare ce ta masu shayi da masu tsire da masu sigari da masu ajiyar keke. Hoton da ya yanke titi ya bar gini tsirara ya zubar da rabin labarin.

Ta fuskar aiki, ƙa'idojin ba su da yawa. A fara da hoton da ya nuna ginin a cikin unguwarsa, sannan kowace fuska tasa a miƙe, sannan ƙananan abubuwa, tare da sanda mai awo a cikin hoton domin a san girma. Hasken hantsi ko na la'asar, da yake zuwa a karkace, shi yake fito da tabon haruffa da tsagewar bango, rana tsaka kuwa shafe su take yi. Ɗakin inji yana da duhu, sai an kafa kyamara a kan maɗori. Kowane hoto a rubuta masa rana da wuri da fuskar da aka dosa. Kada a share wuri ko a kawar da kayan masu shi don hoto ya yi kyau, domin buhunan hatsi ko allunan ɗalibai da aka tarar a ciki su ne babi na ƙarshe na tarihin ginin. Kuma kada a tsallaka katanga. Kango a ƙasar Hausa yana da mai shi, ko magada, ko hukuma, kuma sallama ga mai unguwa takan buɗe ƙofar da ba a zata ba, har ta kai mai bincike ga tsohon mai inji ko mai yankan tikiti.

Tsafe da Bungudu

A nan matsalar ta sha bamban, domin majigi bai bar gini ba. Abin da ya bari shi ne fili: ƙofar fada, ko filin makarantar firamare, ko bakin kasuwa, inda mota take tsayawa a kafa allo. Hausa ta bambanta kango da kufai. Kango gini ne da aka bari, kufai kuwa wurin da aka tashi ne, wanda sau da yawa sai wanda ya sani ne zai nuna shi. Wurin majigi kufai ne. Hanyar ɗaukarsa ita ce a je da dattijo ko dattijuwa da suka halarta, su tsaya inda suka saba tsayawa, su nuna inda allo yake da inda hakimi yake zama, a ɗauki hoton tare da muryarsu. Muryar mata a nan ta fi tsada, domin su ne aka hana silima, majigi ne kaɗai kallon da suka yi a bainar jama'a. Wanda ya kalli majigi yana ɗan shekara 10 a 1960 yanzu ya haura 70.

Halin tsaro da yankin ya shiga tun wajen 2011 ya sa baƙo ba zai yi ta yawo da kyamara a waɗannan wurare ba. Wannan ya sa aikin ya fi dacewa da 'yan gida: malaman sakandare, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013, da na kwalejojin ilimi, waɗanda wayar da ke aljihunsu ta isa ta yi mafi yawan abin da aka zayyana.

Adanawa

Wani zai ce ai an rufe gidajen nan ne saboda ɓarnar da ake yi a cikinsu, don me za a tono su? Haƙiƙa an yi shaye-shaye da faɗace-faɗace a bakin silima, kuma waɗanda suka yi kukan haka ba ƙarya suka yi ba. Amma adana shaida daban, yabo daban. Manazarta suna rubuta tarihin bori da tsafin Kwatarkwashi ba tare da sun yi kira a koma musu ba.

Haka kuma adanawa a nan ba tana nufin a sake haska fim ba. A Bobo Julaso ta Burkina Faso an kafa ƙungiya don farfaɗo da gidan Guimbi, amma can al'umma ce mai bikin finafinai na FESPACO tun 1969. Abin da ya dace da Zamfara ya fi wannan sauƙi. Ginin da aka mayar makaranta ko asibiti ko ɗakin taro ya tsira, kamar yadda Palace ta Kano ta zama asibiti. Abin roƙo ga masu irin wannan gini shi ne in za su yi gyara su bar bangon allo da ɗakin inji, ko aƙalla su bari a ɗauka kafin a rushe. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, bisa dokar da ta kafa ta a 1979, tana da ikon sanya gini cikin jerin kayan tarihi, kuma ba za a iya kai mata buƙata ba sai da hotuna da awo da bayani.

Hotunan su kansu suna bukatar gida. Wanda ya zauna a waya yakan tafi tare da wayar. A wanke su a takarda, a rubuta bayani a bayansu, a ajiye kwafi a laburaren jami'a a Gusau, da Gidan Arewa a Kaduna, da ma'adanar finafinai ta ƙasa da ke Jos. A Ma'adanar Takardun Tarihi ta Kaduna kuma akwai fayilolin Lardin Sakkwato, wanda Gusau take ƙarƙashinsa a zamanin Turawa, kuma nan ne wurin da ya kamata a fara neman takardun lasin da na fili, domin a gwama abin da takarda ta ce da abin da bango ya nuna. Tsofaffin masu hoto na Sabon Garin Gusau da iyalan masu gidajen su ma a tuntuɓe su, a nemi izinin kwafar abin da ke cikin akwatunansu, a mayar musu da nasu.