Bindigar Gado: Abin da Ya Kamata Hakimai da Malamansu Su Sani

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi gidaje da yawa suna da tsohuwar bindiga rataye a turaka, wadda maigida ya yi farauta da ita, ko ya riƙa korar birai daga gonar masara. In ya rasu, sai magada su lissafa ta cikin tarika tare da shanu da garma da buhunan auduga, babban ɗa ya ɗauka. A nan ne ake yin kuskure. Gado yana ba mutum mallakar abu, amma ba ya ba shi iznin riƙe makami. Lasin na mamaci ne shi kaɗai, ba a gadonsa.

Dokar Bindigogi, wadda ta soma aiki a 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Na fari su ne haramtattu, watau bindigogin soja da libarba, waɗanda ba mai ba da izninsu sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da irinsu ba izni, ɗaurinsa ba ya kasa shekara 10. Na biyu su ne na farauta, kamar mai baki biyu, lasin ɗinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku ita ce bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita ma Kwamishinan 'Yan Sanda yana da ikon hana riƙe ta sai da lasin, saboda haka kada tsufanta ya ruɗi kowa.

Idan mamaci yana da lasin, doka ta yarda wa mai riƙe da kayansa ya ajiye bindigar kwana 14 daga ranar rasuwa, ba ƙari. To, ga al'ada sau da yawa ba a taɓa kayan mamaci sai an yi sadakar arba'in, alhali kafin nan wa'adin ya wuce da kwana 26. Idan kuwa ba a taɓa yi mata rajista ba, ko wannan ɗan rangwame babu.

Don haka lalle ne mai unguwa ya sanar da dagaci tun cikin zaman makoki, dagaci ya kai wa hakimi. Malamin hakimi ya rubuta sunan mamaci, da irin bindigar, da lambarta in tana da ita, da takardar lasin in an samu. Sa'an nan a sanar da ofishin 'yan sanda kafin a fito da ita, kada magaji ya saɓa ta a kafaɗa ya bi hanya, a tare shi.

Alƙali yana iya sa a yi mata kuɗi a raba tsakanin magada bisa shari'a. Wanda yake son riƙe ta sai ya nemi nasa lasin, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan ta da fitina da ƙarfi cikin shekara 5 da suka wuce.